Farar shadda, baƙar fata da danshin Legas: amsa ga mai son fara ɗaukar hoto da kyamara

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Agege, yana kuma sana'arsa a kasuwar Mile 12, ya aiko da tambaya. Ya ce ya daɗe yana ɗaukar hoto da waya a wurin suna da ɗaurin aure da ranar Sallah, don sha'awa kawai, kuma abin da ke damunsa shi ne duk lokacin da mutane suka sa fararen kaya sai fuskokinsu su fito baƙi ƙirin, in kuwa ya gyara fuskar sai rigar ta wanke ta zama fari fat, babu ko alamar aikin wuya. Ya tara ɗan kuɗi yana son sayen kyamara, yana neman shawara a kan wadda zai saya, da lensin da ya dace, da yadda ake saita haske, da kuma kayan kwamfutar da zai buƙata.

Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Ina so ka sani tun daga farko cewa kyamara mai tsada za ta yi maka irin abin da wayarka take yi, muddin ka bar ta ta yanke wa kanta hukunci a kan haske. Saboda haka shawarata ita ce kada kuɗin da za ka kashe a kan gangar jikin kyamara ya wuce rabin abin da ka tara. Sauran rabin na lensi mai kyau ne guda ɗaya, da filashi, da memori na gaskiya, da akwatin da zai kare maka kayan daga danshin garin nan, da wurin ajiye hotuna. Na ga matasa da yawa sun zuba duk abin da suka mallaka a kan babbar kyamara, daga baya suka rasa kuɗin lensi, har damina ta zo ta lalata musu ɗan wanda ya zo da ita, kuma wannan abu yana yi mini ciwo domin kuɗin gumi ne.

Game da kyamarar kanta, lokaci ya yi wa mai farawa daɗi. Tun daga 2018, da Canon da Nikon suka fito da manyan kyamarorinsu marasa madubi na jerin R da Z, masu sana'ar a ƙasashen waje suka riƙa sayar da tsofaffin kyamarorinsu masu madubi a ciki, waɗanda ake kira DSLR, shi ya sa tokunbo, wato kayan hannu na ƙasar waje, ya wadata a Computer Village da ke Ikeja da kuma kasuwar Alaba. A ɓangaren Nikon, D3300 ta 2014 da D5300 ta 2013 da D3500 ta 2018 duk suna da megafiksel 24, kuma kowace a cikinsu ta ishe ka shekaru. A ɓangaren Canon akwai 600D ta 2011 da 700D ta 2013, masu megafiksel 18. Idan ka fi son ƙarama mara madubi, Sony a6000 ta 2014 tana da kyau. Kada yawan megafiksel ya ruɗe ka: hoto mai megafiksel 24 yana da ɗigo 6000 a tsawo da 4000 a faɗi, wanda ya isa a wanke shi da girman inci 20 da 13 ba tare da ya fashe ba, alhali yawancin hotunanka a fuskar waya za a kalle su. Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurinmu shi ne batir. A awon kamfani, D3500 tana ɗaukar hoto kimanin 1,550 da caji ɗaya, a6000 kuwa wajen 360, kuma wanda ke zaune a unguwar da wuta ke yin kwana ba ta zo ba ya san bambancin da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu. Jerin Canon EOS M kuma ina ba ka shawara ka bar shi, domin kamfanin ya daina shi, lensinsa kuma ba ya hawa sababbin kyamarorin R.

Ranar da za ka je saye, ka tafi da memorinka, kuma kada ka bari hayaniyar kasuwa ta sa ka gaggawa. Ka tambayi yawan bugun shata, wato sau nawa kyamarar ta ɗauki hoto tun da aka ƙera ta. Ƙananan DSLR galibi an ƙiyasta musu wajen bugu 100,000, don haka wadda ta yi dubu ashirin yarinya ce, wadda ta haura dubu casa'in kuwa sai farashinta ya sauka sosai. Nikon tana rubuta wannan lamba a cikin bayanan kowane hoto, Canon kuma sai an haɗa ta da kwamfuta a duba da manhaja. Sannan ka matse ƙofar lensi, wato ramin da haske yake shiga ta cikinsa, zuwa f/22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton sosai ka duba: ɗige-ɗige masu duhu ƙura ce a kan sensa, wato farantin da yake karɓar haske a cikin kyamara, kuma ana goge ta, amma layi mai tsawo da ke fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto alama ce ta karce ko lalacewa, wannan ka ajiye musu abinsu. Ka karɓi rasit da aka rubuta lambar jikin kyamarar a kai, saboda kayan sata suna yawo.

Lensi shi ne inda kuɗinka zai fi yin aiki. Wanda yake zuwa tare da waɗannan kyamarori na Canon da Nikon, 18-55mm, ba abin rainawa ba ne da rana, kuma faɗinsa zai yi maka amfani a hoton taron jama'a. Rauninsa yana bayyana ne da an shiga ɗaki, domin idan ka jawo shi zuwa 55mm ƙofarsa ba ta buɗewa fiye da f/5.6. Lensin da ke buɗewa zuwa f/1.8 yana shigar da hasken da ya ninka wannan kusan sau goma, ma'ana inda za ka tilasta wa kyamara ɗaga ISO, wato saitin da yake ƙara wa hoto haske, zuwa 6400 hoto ya fito da yashi-yashi, sai ka yi aiki da wajen ISO 640 ya fito garau. Kowa zai ce maka ka sayi 50mm f/1.8, kuma lalle yana da araha da kaifi, amma ka yi la'akari da irin ɗakunanmu na Legas. Sensar waɗannan kyamarori ƙarama ce, tana matse abin da lensi yake gani da ninki 1.6 a Canon da 1.5 a Nikon da Sony, saboda haka 50mm a kan Canon yana zama tamkar 80mm. A ɗaki ciki da falo na Agege ko Idi-Araba, ranar suna, mata sun cika wuri, bango zai tare ka kafin ka ja da baya har ka sami mai jego da jaririnta da kakar yaro a hoto ɗaya. Don haka idan Nikon ka saya, AF-S DX 35mm f/1.8G shi ne na farko da za ka nema. Idan Canon ce, EF-S 24mm f/2.8 STM ya fi dacewa da cikin ɗaki, shi kuwa 50mm f/1.8 STM ka bar shi don hoton mutum ɗaya a waje, inda yake narkar da bayan hoto ya fito da fuska. Wanda yake son lensi ɗaya tilo da zai yi komai, 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron zai wadatar da shi. Akwai tarko guda a Nikon: jerin D3000 da D5000 ba su da injin saita fokas a jikinsu, don haka tsohon lensi mai alamar AF-D, duk da arahar da za a kwaɗaita maka, da hannu za ka riƙa saita shi. Ka nemi mai alamar AF-S.

Kafin ka biya kuɗin kowane lensi na hannu, ka cire murafensa biyu, ka buɗe ƙofarsa gaba ɗaya, ka kunna tocilan ɗin wayarka ka haska ta baya a karkace, kana leƙawa ta gaba. Ƙananan ƙwayoyin ƙura ba sa hana komai, kusan kowane lensi yana da su. Abin tsoro shi ne ka ga zare-zare farare masu rassa suna tasowa daga gefen gilashi suna nufar tsakiya, ko wani hazo mai kauri a gilashin ciki. Wannan funfuna ce, tana cin fentin da aka shafa wa gilashin, kuma in ta daɗe tabonta ba ya fita ko an wanke. Mai shago zai ce maka ba ta fitowa a hoto, amma da zarar ka fuskanci haske za ka ga hoton ya yi fari-fari ya rasa kaifi.

Yanzu mu zo kan asalin damuwarka. Abubuwa uku ne suke haɗuwa su tsayar da hasken hoto. Na farko ƙofar lensi, wadda ake rubutawa da f: ƙaramar lamba babbar ƙofa ce, kuma daga f/2 zuwa 2.8 zuwa 4 zuwa 5.6 zuwa 8 zuwa 11 zuwa 16, kowane mataki yana rage hasken da rabi, yana kuma ƙara zurfin abin da zai fito da kaifi. Na biyu saurin shata, wato tsawon lokacin da haske yake sauka a kan sensa: 1/250 na daƙiƙa yana ba da rabin hasken 1/125, amma ya fi tsayar da motsi. Na uku ISO, wanda yake ƙara wa hoto haske amma ya jawo masa yashi-yashi. Duk matakin da ka rage a ɗaya, sai ka mayar da shi a ɗayan biyun. Akwai tsohuwar ƙa'ida da za ta zauna maka a ka: a tsakar rana mai ƙarfi, ISO 100 da f/16 da 1/100 suna ba da haske daidai. Daga nan sai lissafi, f/8 yana tafiya da 1/400, f/4 da 1/1600, f/2.8 da 1/3200. Tun da waɗannan kyamarori a 1/4000 suke tsayawa, ka ga ke nan buɗe f/1.8 a filin Idi da hantsi zai ƙone hoton, komai son da kake yi wa narkakken baya.

To, me ya sa fuska take baƙi idan an sa fararen kaya? Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san abin da yake kallo ba. An gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, idan aka gauraya haskensa da duhunsa, zai tashi toka-toka tsaka-tsaki, kamar telan da yake yi wa kowa ɗinki da awo ɗaya. Idan ango da abokansa biyar suka jeru cikin farar shadda da manyan riguna, fari ya cika hoton, sai ma'aunin ya ɗauka haske ne ya yi yawa, ya rage shi har farin ya koma toka, fuskar da dama can ta fi rigar duhu da matakai da yawa kuma ta nutse gaba ɗaya. Shaddar da ta sha bugu ma ta fi wahala, domin ƙyallinta yana mayar da hasken rana kai tsaye cikin lensi. Maganin farko yana kan maɓalli mai alamar ƙari da ragi. Ka sa kyamara a kan Av idan Canon ce, ko A idan Nikon ko Sony ce, ka zaɓi ƙofa da kanka, kyamara kuma ta zaɓi saurin shata, sannan ka ƙara haske da kashi biyu cikin uku na mataki ko mataki ɗaya cur. Ka kunna gargaɗin ƙonewa, wanda yake sa duk wurin da fari ya wanke ya riƙa walƙiya a fuskar kyamara idan kana duba hoton. Ka riƙa ƙarawa har ka ga rigar ta fara walƙiya, sai ka koma baya da kashi ɗaya cikin uku. A nan ne ka ba fuska iyakar hasken da za ta samu ba tare da ka rasa aikin wuyan riga ba.

Amma gaskiya ita ce a tsakar rana tazarar da ke tsakanin farar shadda da baƙar fuska da ke ƙarƙashin inuwar hula takan fi ƙarfin saiti, kuma a nan ne mai ɗaukar hoto yake bambanta da mai danna maɓalli. Legas tana kusa da tsakiyar duniya, digiri shida da rabi ne kawai a arewa, saboda haka rana tana hawa a miƙe, hasken safe da na yamma mai laushi ba ya kai awa guda, kuma daga ƙarfe goma zuwa uku tana dukan mutum ne daga sama, ta bar ramin ido da ƙarƙashin hanci cikin duhu. Ɗaurin aure kuwa sau da yawa bayan sallar Juma'a ko da hantsin Asabar ake yin sa, wato a mafi munin lokaci. Ka ɗauka an shafa fatiha a ƙofar masallaci, ana ta musabaha, ango yana tsaye a rana. Kada ka ɗauke shi a nan. Ka roƙe shi ya matsa taku uku ya shiga bakin rumfa ko inuwar bango, ya tsaya daf da inda inuwar ta fara, fuskarsa tana kallon sarari. Yanzu rana ba ta taɓa rigar, ƙyallin ya kwanta, hasken sama da wanda ke tashi daga ƙasa yana shiga fuskarsa ta gaba, har za ka ga ɗan haske a ƙwayar idonsa. Ka fara da ISO 400 da f/4 da 1/250, ka sa ɗigon fokas a kan idon da ya fi kusa da kai, ka ɗauka, ka duba walƙiyar, ka gyara. Idan mutane sun yi sahu biyu ko uku, ka matse zuwa f/5.6 ko f/8 don na baya su fito, ka ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600 ba tare da fargaba ba, domin hoto mai ɗan yashi ya fi hoton da ya girgiza. Kada saurin shata ya sauka ƙasa da 1/125 ga mutanen da ke tsaye, 1/250 ga masu tafiya, 1/500 ko fiye ga yara masu guje-guje da kayan Sallah. Ranar da hadari ya rufe sama a watan Yuni ko Yuli, ka yi murna, domin gajimare yana raba hasken daidai, kuma a irin wannan rana fatarmu take fitowa da mafi kyawun launinta.

Rumfar haya tana da tata matsalar. Idan tamfol ɗinta ja ne ko shuɗi ko kore, launinsa zai zuba a kan fuskoki da fararen kaya. Ka riƙe farar takarda a inda mutanen suke, ka ɗauke ta, ka umarci kyamara ta daidaita farinta da wannan hoto. Kada ka yi awon da rigar wani, domin fararen kayanmu sau da yawa an sa musu bula, kuma idan kyamara ta ɗauki wannan shuɗi-shuɗin a matsayin fari sai ta mayar da fata ruwan ɗorawa. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa nake matsa wa kowa ya ɗauki hoto a RAW, ko RAW tare da JPEG, wato hoton da kyamara ta riga ta gyara ta matse. Fayil ɗin RAW yana riƙe duk abin da sensa ta gani, za ka iya gyara launi bayan ka koma gida ba tare da hasara ba, ka kuma ɗago duhun fuska da mataki ɗaya ko biyu, abin da JPEG ba ya jurewa.

Da dare, a zauren biki ko wurin walima, filashi na waje ya zama dole. Ƙaramin da ke kan kyamara yana bugun fuska kai tsaye, ya sa goshi da hanci su yi maiƙo, baya kuma ya yi duhu. Godox TT685 yana auna haske da kansa, TT600 kuma da hannu ake saita shi kuma ya fi araha. Ka juya kansa zuwa farin silin ko farin bango, hasken ya bugi can ya dawo a baje, ka sa kyamara a kan M, wato saitin hannu, wajen f/4 da 1/100 da ISO 800, don fitilun wurin su ma su fito. Kada ka wuce 1/200 da filashi a yawancin waɗannan kyamarori, 1/160 a a6000, in ba haka ba baƙin layi zai yanke gefen hoton. Kafin ka sayi filashi na hannu irin TT600, ka leƙa mazauninsa a saman kyamararka, domin wasu daga cikin Canon 2000D da 4000D da 250D an yi su babu babban ɗigon ƙarfe na tsakiya, kuma in babu shi irin wannan filashi ba zai tashi ba. Wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilun LED masu araha kuma suna ƙyaftawa sau 100, shi ya sa za ka ga wani hoto ya fi wani haske ko ya fito da ratsi-ratsi. Saurin 1/100 ko 1/50 yana rage wannan, ko da yake a kan janareta sai ka gwada ka gani, don juyawarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Sannan ina roƙonka, a ɓangaren mata ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara, kuma hoton matar mutum ko 'yarsa kada ya hau Facebook ko Instagram sai masu shi sun yarda.

Akwai wani abu da nake so ka kiyaye idan ka zo gyara. Ɗago duhun fuska daban, sauya wa mutum launin da Allah ya ba shi daban. An saba yanzu a goge fata har ta rasa ƙofofin gashi, a haska ta har uwa ta kasa gane ɗanta, kuma ni ina ganin wannan cin zarafin mai hoton ne. Ka nemi hotunan kitso na marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto, wanda ya yi aikinsa a garin nan, ya fara wannan jeri a 1968, ya rasu a 2014. Baƙi da fari ne, baya babu tarkace, amma kowane silin gashi da laushin fatar wuya suna nan, kuma da sarrafa haske ya samu hakan. Bikin LagosPhoto, wanda aka fara a 2010, shi ma wuri ne da za ka ga hoto a bango da girmansa.

Maganar danshi kada ka ɗauke ta da wasa. Iskar Legas a mafi yawan shekara danshinta yana haura kashi 80 cikin ɗari, funfuna kuwa tana samun wurin zama ne idan ya daɗe sama da kashi 60 zuwa 70 a wuri mai duhu da babu iska, wato daidai yanayin jakar kyamara da aka jefa cikin kabad daga Afrilu zuwa Oktoba. Idan kuɗin akwatin busarwa na lantarki bai samu ba, ka sayi robar ajiye abinci babba mai murfi da ke kamawa gam, ka zuba ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, ka sa ƙaramin ma'aunin danshi a ciki, ka tsayar da shi tsakanin kashi 40 da 50. Idan ƙwayoyin sun sauya launi sun ƙoshi ke nan, sai a gasa su a wuta mara ƙarfi su koma aiki. Idan ka fito daga mota ko ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, ka bar kyamarar cikin jakarta a rufe na minti goma sha biyar ko ashirin, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a gilashin waje da na ciki. Bayan ka dawo daga bakin teku, irin su Tarkwa Bay, ka goge jikinta da ƙyalle mai ɗan laima saboda gishirin iska. A Disamba da Janairu kuma, lokacin hazo, ka rage sauya lensi a waje, in ya zama dole ka kifa bakin kyamarar ƙasa.

Kayan kwamfuta kuwa, memori ne farkon abin da ake cutar mutane a kansa. Na jabu ya yi yawa: an rubuta 128GB a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna haka, amma ainihin cikinsa kaɗan ne, sai ya cika ya riƙa rubutu a kan hotunan farko, ba za ka sani ba sai ka koma gida da hotunan ɗaurin aure ka tarar ba sa buɗewa. Araha ba ta ado. Ka saya a wurin dillalin da aka sani, ka nemi mai alamar U3 ko V30, wanda yake nufin ba ya rubutu ƙasa da 30MB a daƙiƙa, sannan kafin ka amince masa ka gwada shi da H2testw, wata ƙaramar manhaja ta kyauta da take cika katin gaba ɗaya ta karanta shi ta gaya maka gaskiyar girmansa. RAW na megafiksel 24 yana cin wajen 25MB zuwa 30MB, don haka kati mai 64GB zai ɗauki hoto kimanin dubu biyu. Guda biyu masu 32GB ko 64GB sun fi guda ɗaya babba. Ka riƙa share kati daga cikin kyamara, kuma sai bayan ka tabbatar hotunan suna wuri biyu. Ka sayi kadrida, wato abin da ake sa memori a ciki a haɗa shi da kwamfuta, mai USB 3.0, ta fi igiyar kyamara sauri kuma ba ta cin batir.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu ta isa, in dai tana da RAM 16GB, ko aƙalla 8GB, da ma'ajiyar SSD, wato wadda ba ta da faifai mai juyawa. Abin da masu saye suke mantawa shi ne fuskarta. Yawancin kwamfutocin ofis fuskarsu ba ta nuna cikakken launi, kuma haskenta yana sauyawa da ka ɗan sunkuyar da kai, saboda haka ka nemi mai fuskar IPS, wato wadda haskenta ba ya sauyawa sosai in ka kalle ta a karkace, da take kusan cike ma'aunin launi na sRGB. Ka rage haskenta zuwa wajen rabi idan kana gyara, domin fuska mai tsananin haske tana sa ka ga hoto ya yi daidai alhali in an wanke shi duhu zai yi. A manhajojin gyaran hoto, Lightroom yana da daɗin aiki amma biyan wata-wata ne da kuɗin waje. Digital Photo Professional na Canon da NX Studio na Nikon kyauta ne ga masu kyamarorinsu, darktable da RawTherapee kuma kyauta ne ga kowa. Ka haɗa cajar kwamfuta da ta batir ta cikin soket mai kare ƙarfin wuta, ka kuma zare su lokacin da ake sauyawa tsakanin janareta da wutar gari.

Ajiya ita ce aikin da ba a ganin amfaninsa sai ranar da ya ɓaci. Ƙa'idar da masu sana'a suke bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. A aikace, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rumbun ajiya na waje, zaɓaɓɓun hotuna kuma a intanet, inda Google yake ba da 15GB kyauta. Rumbu mai faifai da ke juyawa ya fi araha da girma, amma faɗuwa ɗaya tana iya kashe shi, don haka ya zauna a gida cikin robar nan ta silika. Wanda za ka riƙa shiga danfo da shi ya zama SSD. Ka sa wa kowace jaka suna da shekara da wata da rana da sunan taron, don ka iya nemo ta bayan shekara biyar idan an zo neman hoton wani dattijo da ya rasu.

Idan za ka ba mutane hotunansu, ka fitar da su a JPEG da launin sRGB. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kaifi idan ka tura shi a matsayin hoto, don haka wanda za a kai wanki ka tura shi a matsayin fayil. Kafin ka ba da a wanke babba na bango, ka fara wanke ƙarami mai inci 4 da 6 a wurin da za a yi aikin, ka fita da shi hasken rana ka duba fuskar da aikin rigar, in ya yi duhu ka ƙara haske kaɗan a kwamfuta ka sake gwadawa, sannan ka biya kuɗin babban.